Ranar da Aka Yi Gwanjon Gidan Baba Badamasi

Duk Bahaushen da ya sauka daga jirgin ƙasa a Parakou bai san kowa ba, in ya tambayi masu dako inda zai kwana, amsa ɗaya suke ba shi: "Bi bayan Gare, tashar jirgin nan, ka tambayi gidan Baba Badamasi." Gida ne na ƙasa da aka shafe da siminti, da zaure babba, da ɗakuna a jere hagu da dama, da rijiya a tsakiya. Ni maƙwabcinsa ne. Abin da zan faɗa a nan daga bakinsa na ji shi, a cikin zauren nan, sai dai wuraren da matarsa Inna Tani ta leƙo ta ce ba haka aka yi ba, na gyara.

Baba Badamasi ba ɗan Parakou ba ne. A Djougou aka haife shi, garin da mu muke ce wa Zugu, a gidan masu masauki. Kakanninsa ne suke saukar da fataken goro masu zuwa Gwanja da dawowa. Sana'ar kuwa ga yadda take: baƙo ya zo da hajarsa, mai gida ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya a kan ciniki. Ba a biyan kuɗin ɗaki, ba a biyan na tuwo. In an sayar, mai gida ya ɗauki la'adarsa. In ba a sayar ba, Allah ya kai mu wani zuwan. Akwai kuma wata ƙa'ida da ubansa ya dasa masa tun yana ƙarami: baƙo ne yake kawo wa mai gida kuka, mai gida ba ya kai wa baƙo nasa. Tsohon yakan ce, "Ko gidanka yana ci da wuta, fara tambayar baƙo yadda ya kwana."

Da ayari ya ƙare, jakuna suka bar wa motoci hanya, gidan Zugu ya koma hannun wansa Mahamadu, sai Badamasi ya duba ya ga inda baƙi suka koma. A Parakou jirgin Cotonou yake tsayawa, daga nan kuwa kaya sai kamiyo, wato babbar mota, zuwa Nijar. Ya ɗauko Tani da tukwanenta, ya zo ya gina gida irin na ubansa, ya ci gaba da abin da ya iya. Direbobi, da masu atamfa, da masu albasa, da masu kanwa, duk suka san ƙofar. Bai tara dukiya ba, amma wutar murhun Inna Tani ba ta taɓa mutuwa ba.

Abin da ya jawo masa shari'a kamiyo ne. A shekarun da ciniki da Najeriya yake kan ganiyarsa, direbobi suka yi ta ce masa, "Mai gida, kullum kai kake nemo wa mutane mota, me ya hana ka yi taka?" Ya ji maganar har ta zauna masa. Ya je banki, ya ajiye takardar gida jingina, ya sayo wata tsohuwar kamiyo mai launin ganye. Ta yi aiki damina biyu lafiya. Sai Najeriya ta rufe iyakokinta, kaya suka tsaya, motoci suka yi layi a Gare babu lodi. Don kada motar ta zauna haka, ya tura ta Pélébina ɗaukar doya. A hanyar dawowa shanu suka tsallako titi, direba ya kauce musu, kamiyo ta kwanta cikin kwazazzabo ƙafafu sama.

"Direba ya fito da ƙafarsa," in ji Baba, "yaran mota suka fito, shanu ko ƙwarzane ba su yi ba, doya mutanen ƙauye suka tsince. Mota ce kawai ta ce ta gaji." Abin da aka samu da aka sayar da ƙarafanta bai kai ko'ina ba. Banki ya aiko takarda, ya sake aikowa, daga baya ya kai ƙara.

Wanda ya kawo sammaci shi ne wisiye, wato ma'aikacin da kotu take aika irin wannan aike. Ya zo a kan mobileti, ɗan ƙaramin babur, da rana tsaka, gumi har wuya. Kafin ya buɗe jaka Baba ya shimfiɗa masa tabarma, an kawo ruwa, an kawo fura, an tambaye shi gajiya da mutanen gida. Sai da ya shanye ƙwarya sannan ya miƙa takardar, kansa a ƙasa. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya raka shi har bakin titi.

A lokacin, zamanin mulkin juyin juya hali, kowa kamarad ne, daga gwamna har mai share kasuwa. Ranar zaman farko, da alƙali ya ɗaga kai ya ce "Kamarad Badamasi," sai Baba ya ji sanyi a ransa. Ya dawo gida yana murna.

"Tani, mutumin nan na kirki ne. Abokin gwagwarmaya ya kira ni a gaban jama'a. Wanda ya kira ka haka ba zai raba ka da gidanka ba."

"Malam," in ji ta, "wanda aka kira kafin kai fa, me ya yi?"

"Akuya ya sata."

"Shi me aka kira shi?"

Baba ya ce a kawo masa ruwan alwala.

Shari'ar kanta ba ta da wani ja-in-ja. Alƙali ya tambaye shi ta bakin tafinta ko ya yarda da bashin, ya ce ai bashi ba a musunsa, ya ci, kuma yana da niyyar biya. Amma ran nan lauyan banki bai iso ba, jirgin Cotonou ya makara, aka ɗage. Wani zaman lauya ya zo, wata takarda ba ta zo ba, aka ɗage. Faransancin Baba duka bai wuce na gaisuwa da lissafi ba, amma ya iya kalmar "rambuwaye", wato an ɗage, har yana faɗarta tare da alƙali.

A bencin jira ne halinsa ya motsa. Yakan tarar da mutanen ƙauye, Bariba da Fulani da Dendi, waɗanda aka ɗage musu shari'a zuwa gobe ko jibi, ba su da kuɗin komawa, ba su da wurin kwana. Ba ya iya ganin haka ya wuce. Duk ranar zama sai ya dawo gida da mutum uku ko huɗu a bayansa. Akwai ranar da ya zo da mai ƙara da wanda ake ƙara a rigimar gona ɗaya, ya sa ɗaya a ɗakin hagu, ɗaya a na dama, da safe suka sha koko a ƙwarya guda suka koma kotu tare. Inna Tani ta ce tun da aka gina gidan bai taɓa cika ba kamar lokacin da ake shirin ƙwace shi.

Tafinta ne ya gaya masa cewa yana da ikon roƙon lokaci. Ya roƙa, alƙali ya ba shi har bayan kakar auduga. Sai ya shirya ya tafi Zugu wurin wansa Mahamadu, da niyyar ya faɗa masa kome. Mahamadu ya yi murna, ya sa aka yanka zabi, suka zauna a zauren ubansu suna ta hirar mutanen da. Duk sanda Baba ya buɗe baki zai fara, sai wani baƙo ya yi sallama, ko ya lura da tsagar da ke bangon zauren, ya ga shi ma Yaya yana fama. Ranar komawa Mahamadu ya raka shi tasha.

"Badamasi, lafiya dai ka zo?"

"Lafiya lau, Yaya. Zumunci ne."

"To madalla. Ka gai da Tani."

Ya dawo Parakou da buhun doya da wagashi, cukun Fulanin can, kuɗin mota ma daga aljihunsa ya fita.

Kakar auduga ta zo ta wuce. Alƙali ya ce ya yi iyakar abin da doka ta ba shi dama, za a yi gwanjon gida a cikin kotu, ya sa rana. Wisiye ya sake zuwa, wannan karon ya ƙi zama, ya ce in ya sha furar nan ba zai iya aikinsa ba. Ya manna sanarwa a bangon gida, ya manna wata a Gare. Yana tafiya Baba ya kafa ƙusa biyu ya rataya tabarma a kan ta bango, kada baƙi su gani.

A cikin baƙin da suka daɗe suna sauka gidan akwai biyu da suka zama kamar 'yan gida. Ɗaya Hajiya Hamsatou ce, Badamagariya, mai sarin atamfa daga Cotonou zuwa Zinder. Tun tana ɗauke da turmi uku a ka take sauka nan, Baba ne ya fara tsaya mata aka ba ta kaya bashi. Ɗayan Alhaji Idrisu ne, Bakano, mai kayan gyaran manyan motoci, wanda ya taɓa yin jinya wata da watanni a ɗakin kusa da rijiya, Inna Tani tana dama masa kunu. Tsakanin Kanawa da Damagarawa kuwa akwai wasa, don haka su biyun ba sa haɗuwa a tsakar gida ba tare da sun taɓa juna ba.

Hajiya a madafa ta ji labari. Ta ga Inna Tani tana zuba gishiri sau biyu a miya ɗaya, ta riƙe mata hannu ta ce sai ta faɗa mata abin da ke damunta. Alhaji kuwa a Gare ya ji, wani akawun lodi ya karanta masa sanarwar. Kowannensu ya san ba a tunkarar mai gida da irin wannan magana. In ka ce masa ka ji, ka tona masa asiri. In ka miƙa masa kuɗi, ka zage shi. Sai kowanne ya yanke shawara iri ɗaya a ransa: ya sayi gidan a gwanjo a ɓoye, daga baya a san yadda za a yi. Hajiya ta karya farashin atamfarta ta sayar, ta haɗa da awarwaronta na zinariya. Alhaji ya tattara abin da yake bin direbobi.

Babban ɗan kasuwa ba ya taya abu da bakinsa, dillali yake sawa. Dillali kuma ba ya faɗin sunan wanda ya aiko shi, ko uwarsa ce ta tambaya. Hajiya ta ɗauki Saley, Alhaji ya ɗauki Massaoudou, dillalai biyu na Gare da suka daɗe ba sa ga maciji. Hajiya ba ta gaya wa Alhaji ba don a ganinta bakin Bakano ba shi da murfi. Alhaji bai gaya mata ba don a ganinsa maganar da ta shiga kunnen Badamagariya ta shiga rediyo. Inna Tani ma ba ta san abin da Hajiya ta shirya ba, ta ɗauka kuka kawai suka yi tare.

Haka suka zauna a gida ɗaya suna jiran rana ɗaya.

"Bawana," in ji Hajiya wata safiya, "wai me ya riƙe ka a Parakou? Ko an kore ka daga Kano ne?"

"Lodi nake jira, baiwar gidanmu. Ke fa? Na ji kin sayar da atamfa kamar mai gudun bashi."

"Kasuwa ce. Kai me ka sani ban da tsatsa da baƙin mai?"

Baba yana zaune a zaure yana dariya, yana tambayar kowa yadda ya kwana, tabarmarsa tana rataye a bango.

Ranar gwanjo ya sa babbar rigarsa fara, ya ce wa baƙi zai je ɗaurin aure. Sai ga Alhaji ya fito da shiri ya ce shi ma can ya nufa. Sai ga Hajiya ta fito da Inna Tani ta ce su ma za su raka. Ba wanda ya tambayi auren wa ake ɗaurawa. Suka bi hanyar kotu su huɗu suna maganar tsadar shinkafa, har suka shiga suka zauna. Alhaji ya zauna kusa da Baba a gaba, matan suka zauna a baya.

Gwanjon kotu ba kamar na kasuwa ba ne. Da kyandir ake yi, wanda mu nan muke ce wa buji. Magatakarda yana da wasu 'yan guntaye, kowanne bai fi gaɓar yatsa ba. Ya kunna ɗaya, a yi ta tayi. In wani ya ƙara kafin ya mutu, lissafi ya koma farko. In guda uku suka mutu a jere ba wanda ya ƙara, gida ya zama na mai tayin ƙarshe. Baba ya kalli guntayen ya ce wa Alhaji a hankali, "Gidan da na yi shekaru ina ginawa, a kan wannan za a auna shi? Ko fitila ba su samu ba?"

Akwai mai saye na gaske a ɗakin, wani mutumin Cotonou mai kwat da jaka, wanda yake son ya rushe gidan ya yi mangazar ajiye kaya tun da kusa da jirgi yake. Aka faɗi kuɗin da banki ya sa a fara da shi, aka kunna buji, mutumin ya ɗaga yatsa ya ɗora kaɗan.

Baba ya miƙe tsaye ya ce da ƙarfi, "Albarka!"

A kasuwa haka mai kaya yake cewa in tayi bai yi masa ba, shi ke nan sai mai saye ya ƙara ko ya wuce. Hausawan da ke ɗakin suka tuntsire da dariya. Alƙali ya tambayi tafinta, tafinta ya bayyana masa, shi ma ya sa hannu ya rufe baki.

"Kamarad Badamasi," in ji shi ta bakin tafinta, "ka yi haƙuri, yau ba kai ne mai sayarwa ba."

"To wane ne, ranka ya daɗe?"

"Doka ce."

"Doka ta san ƙasar da aka fitar kafin a tarar da ruwa a rijiyar nan?"

"Ba ta sani ba, kamarad. Zauna."

Ya zauna. Daga nan Saley ya taya, Massaoudou ya taya, mai kwat ya ƙara. Alamar da Hajiya ta shirya da Saley ita ce in ta gyara mayafinta, ya ƙara. Ta Alhaji da Massaoudou kuwa in ya ɗaga hula ya sosa kai. Mai kwat ya bi su sau da dama, sannan ya duba wata takarda a jakarsa, ya girgiza kai, ya naɗe hannu. A nan ya kamata magana ta ƙare, da mutum ɗaya ne ya zo ceto. Amma Hajiya ta ga Massaoudou bai tsaya ba, ta tabbata wani azzalumin attajiri ne ya aiko shi, ta gyara mayafi. Alhaji ya ga Saley bai tsaya ba, ya ɗaga hula. Dillalan kuwa abin nema ya samu, kowa yana harar ɗan'uwansa yana ɗorawa kafin buji ya kai rabi.

Alhaji yana riƙe da hannun Baba da hagu, yana sosa kai da dama. Har ya kasa daurewa ya ce a fili, "Allah ya isa tsakaninmu da wanda ya aiko Saley! Allah ya sa ya kwana a titi!"

Daga baya aka ji muryar Hajiya, "Amin, da wanda ya aiko Massaoudou! Allah ya karya jarinsa!"

"Amin, Hajiya!" in ji Alhaji.

Baba dai idonsa yana kan buji. Ya gaya mini cewa a lokacin ba ya jin lissafin ma, wutar kawai yake kallo, yana tunanin inda zai ce wa direbobin Gaya su sauka in sun zo. Sau ɗaya ya juya ya ce wa Alhaji, "Kanka lafiya kuwa? Ko ƙwarƙwata ce?"

Kuɗi ya wuce bashin banki, ya wuce abin da gidan zai yi a kowace kasuwa. Magatakarda ya aika a ƙaro buji. Can sai abin da Alhaji ya tara ya kai iyaka. Massaoudou ya waiwayo, hula tana zaune daram a kai. Na farko ya mutu. Na biyu ya mutu. Alhaji ya sunkuyar da kai hawaye suna zuba a gemunsa. Na uku ya yi ɗan hayaƙi ya mutu.

Alƙali ya ce tayin Saley ya tabbata, sai ya faɗi sunan wanda ya aiko shi a rubuta. Saley ya tsaya yana murza hula, don bai taɓa yin haka ba a rayuwarsa. Sai Hajiya ta miƙe daga baya.

"Ni ce. Hamsatou. A rubuta."

Alhaji ya juya a hankali, baki buɗe. "Ke?"

Massaoudou, da yake yana jin haushin an kayar da shi, ya manta da ƙa'idar sana'a ya ce, "Alhaji, da ka ƙara sosawa ɗaya da mun ci."

Abin da ya biyo baya sai da ɗan sanda ya fitar da su waje, a gindin mangwaro suka ƙarasa.

"Kai ne? Kai ne ka cinye mini atamfa da awarwaro? Mutumin Cotonou ya sauka tun tuni, kai kana ta sosa wannan kan naka kamar tsohon biri!"

"Ni na san ke ce? Da kin yi mini ko tari ai da na gane!"

"Ka ce in kwana a titi!"

"Ke kin ce jarina ya karye, kuma na ce amin da bakina!"

Inna Tani ta zauna a kan tushen mangwaro tana dariya tana share ido da bakin zane. Baba ya tsaya tsakaninsu yana kallon wannan yana kallon wancan. Da ya sami bakin magana, abin da ya fara cewa shi ne, "Wato duk kun gani. Tabarmar nan aikin banza na yi."

Magatakarda ya fito ya yi musu bayani: banki zai ɗauki abin da yake bi, a cire kuɗin shari'a, ragowar kuwa ta Baba ce, doka ta ce haka. Ragowar ba kaɗan ba ce, saboda sosa kai da gyaran mayafi. Ranar da aka ba shi, bai ko kwance ƙullin ba ya kai wa Hajiya. Ta ƙi, ya ajiye a gabanta ya fita. Ta biyo shi zaure da takardar gida ta ce to ga tasa, kyauta, har abada. A nan aka sake sabuwar rigima, wadda ta fi ta kotu daɗewa.

"Hajiya, ba na karɓar gida daga hannun baƙona. Ubana bai yi ba."

"Mai gida, ni kuma ba na zama uwar ɗakin wanda ya tsaya mini ina da turmi uku. Me zan ce a Zinder?"

"Gidanki ne. In kin ce mu tashi mu tashi."

"Kin ji shi ko, Inna? Wallahi in ya sake faɗin haka zan yi kuka."

Alhaji yana gefe yana cewa shi fa ba za a bar shi a baya ba, shi ma ya yi hawaye a gaban alƙali, a ba shi wani abu ya riƙe.

Inna Tani ce ta raba gardamar, daga bakin ƙofar madafa, muciya a hannu. Ta ce tun da Malam ba ya karɓar kyauta amma yana ciniki, to a yi ciniki. Alhaji ya sayi ɗakunan hagu daga hannun Hajiya don jarinta ya dawo ta koma kasuwa. Malam kuma ya ci gaba da saukar da baƙi kamar da, duk abin da ya tara na la'ada ya riƙa fansar gidan ɗaki-ɗaki. Ta ƙara da cewa da madafa za a fara, don ita ba za ta yi tuwo a murhun aro ba.

Haka aka yi. Liman da mai unguwa suka zama shaidu. Da aka buɗe iyaka kaya suka sake motsi, Baba ya fanshi madafa, sannan zaure, sannan rijiya. Kowane ɗaki sai an zauna an yi ciniki sosai, sai dai cinikin a juye yake: shi yana cewa ɗakin ya fi haka, masu sayarwa suna nuna masa inda gara ta ci da inda bango ya tsage don a rage. Alhaji ya taɓa rantsuwa cewa akwai ɓeraye a wani ɗaki da ba a taɓa ganin ɓera ba. Labarin ya kai Zugu, Mahamadu ya zo da kansa ya yi masa faɗa yini guda a kan zumuncin ƙarya, sannan ya biya kuɗin ɗaki ɗaya ya ce wannan ba kyautar baƙo ba ce, ta wa ce, in ya isa ya ƙi.

Yanzu ɗakunan hagu duk sun dawo, na dama ma saura ɗaya, na ƙarshe, mai taga wajen titi, inda Hajiya take sauka. A zuwanta na bayan nan ina zaure Baba ya kawo maganar, ya ce ya haɗa kuɗin.

"Mai gida, wannan ba na sayarwa ba ne."

"Hajiya, da shaidu fa aka yi."

"To kai ni tirbinal, gaban alƙali. Ka san hanya, kuma an san ka."

"Gida ba ya cika da ɗaki ɗaya a waje."

"Ya cika mana. Ni dai ina son in riƙa cewa ina da ɗaki a Parakou, Bakano ba shi da shi."

Baba ya yi dariya har ya share ido, ya mai da kuɗin aljihu. Ya ce to tun da nata ne, ta sani ƙofar tana neman sabon ƙyaure, kuma shi ba ya gyara gidan mutane. Ta ce a kira kafinta, za ta biya, amma a gaya masa da Badamagariya zai yi ciniki, ya zo da shirinsa.